Muryar Yarinya a Shirin 'Yan Ƙanƙara

Ban san akwai wasan da ake ce wa zamiya a kan ƙanƙara ba sai da Yarinya ta kai shekara tara ko goma. Yarinya nake ce mata, har ta girma, har ta rasu. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, saboda haka ta ko'ina bakina a ɗaure yake. Mutanen unguwa laƙabi suke kiranta da shi, irin wanda ake yi wa mai sunan kaka. Malaman makaranta da na asibiti ne kaɗai ke kiran sunanta na yanka. Ni in na je asibiti kati nake miƙawa. In an matsa mini, sai in jero harufan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta lambar mota.

Tana da sikila. Duk wanda ya yi jinyar mai sikila ya san sanyi ba abin wasa ba ne, balle a gidan haya na titin Grand Concourse da ke Bronx, nan ƙasar Turawa, inda hitar ɗumama ɗaki kan mutu a tsakiyar hunturu. Amma duk wasannin duniya, wanda ake yi a kan ƙanƙara shi ya shiga ranta. Mutum ya sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa, ana kiɗa yana zamewa, ya yi tsalle ya juya a sama ya sauka da ƙafa ɗaya, alƙalai su ba shi maki. Sau ɗaya ta roƙa a kai ta ta gwada. Na ce a'a, babanta ya ce a'a, ba ta sake tambaya ba. Ta koma kallo, a naɗe cikin bargo, da robar ruwan zafi a cinya.

Da ta shiga kwaleji ta samo wani shirin hira da ake saurara a waya, fodkas suke ce masa. Mutum biyu ke gabatar da shi, namiji da mace. Namijin ya yi wasan a ƙuruciyarsa, macen 'yar jarida ce. Su zauna su yi ta magana a kan wanda ya yi tsalle da kyau da wanda alƙalai suka cuta. Yarinya tana wanke-wanke, iyafis a kunne, tana dariya, tana tsaki, wani lokaci ta tsaya da soso a hannu tana gardama da su da Turanci.

"Da wa kike faɗa?" in ce mata.

Ta cire kunne ɗaya ta ce, da Turancinta, "Mama, mutumin nan bai san abin da yake faɗa ba."

"To ki kashe mana."

"A'a, ai shi ya sa nake ji."

Wata rana cikin azumi, ina suyar ƙosai bayan la'asar, ta shigo kicin da gudu, abin da na hana ta yi. Ta ɗaga gefen ɗankwalina ta cusa mini iyafis a kunne. "Ji, ji, ni ce!" Masu sauraro kan aika saƙon murya, su kuma su zaɓi wasu su sa a shirin. An sa nata. Na ji muryarta tana fita da sauri cikin Turanci, mai kuma yana ƙara a kasko. Na ce, "To, madalla. Miƙo mini matsami." Haka ake yi da 'yar fari, haka uwata ta yi da yayata. Ita ma ta sani. Ta yi dariya ta miƙo, ta koma ɗaki ta sake ji.

Ta rasu a farkon hunturu, tana da shekara ashirin da 'yan kai. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba. Ciwon ya tashi a ƙirji, aka kwantar da ita, ba ta fito ba. Allah Ya jiƙanta.

Bayan sadakar arba'in dangin maigidana suka ce a fitar da kayanta kamar yadda aka saba, kada su zauna suna tayar mini da hankali. Tufafi aka kai masallaci. Wayarta a kulle take, babu wanda ya san lambar. Ƙanin maigidana ya kai wa mai gyaran waya aka goge ta tas, aka sa a kayan wani mai tafiya Kano, a ba wata 'yar'uwa sadaka don ladan ya isa gare ta. Da amincewata aka yi. A lokacin ko ruwa sai an ce mini in sha.

Sai daga baya, wata rana ina guga, na nemi muryarta a kaina na rasa. Ina tuna abin da take cewa, amma sautin ya ƙi zuwa. Na ɗauki wayata na duba. Yarinya ba ta aiko mini saƙon murya, rubutu take yi, gajere, da Turanci. Bidiyon biki da na suna da take ciki, kiɗa ya danne komai, bakinta kawai ake gani yana motsi. Na zauna a bakin gado har dutsen gugar ya huce.

Kofin shayinta bai shiga rabo ba, kuma sunan shirin yana rubuce a jikinsa. Na kwafa a wayata, shirin ya fito. Fitowa ce tuli, ta shekaru. Na ce alhamdu lillahi, tana ciki, ba inda za ta je. Ban yi gaggawa ba. Na riƙa jin sababbin fitowa a jirgin ƙasa na layin D in zan tafi aiki, don kawai in ji abin da da za ta ji. Rabin maganarsu ban gane ba.

Ana haka masu shirin suka yi faɗa. Macen ce ta fito ita kaɗai, ta ce shirin ya ƙare, kuma tun da sun kasa daidaitawa a kan wanda ya mallaki tsofaffin fitowar, za a cire su gaba ɗaya a ƙarshen wata. Ina tsaye a jirgi na ji wannan. Na maimaita don in tabbata Turancina bai yaudare ni ba.

Daga ranar na shiga nema. Abin da na sani kawai shi ne cikin azumi ne, ban tuna wace shekara ba. Kuma a shekarun nan azumi yana faɗowa daidai lokacin manyan gasanninsu, lokacin da suka fi yawan magana. Fitowa ɗaya sai ta kusa cinye awa biyu. Saƙon masu sauraro ba shi da wuri tsayayye: wani lokaci a farko, wani lokaci a tsakiya, wani lokaci su manta da shi gaba ɗaya. In na ja da yatsa don in tsallake hirar, sai gabana ya faɗi, kada in tsallake ta. Sai in koma baya. Aikina kula da wani tsoho ne a unguwar Highbridge, in ya yi barcin rana sai in sa kunne ɗaya, ɗayan in bar masa. A bas ina ji, ina girki ina ji. Su kuwa su ɓata rabin awa a kan launin rigar wata 'yar wasa, ko abincin da aka ba su a jirgin sama. Namijin ya kawo labarin gwiwarsa da ta lalace, wanda na riga na ji a fitowar baya da ta bayanta. Nakan ji kamar in shiga wayar in ce musu su yi sauri.

Da na ga wata yana tafiya, sai na shiga shafin da masu sauraro ke taruwa. Na yi zaton zan tarar da mutane masu jimamin rabuwa. Yaƙi na tarar. Sun kasu biyu. 'Yan bayan namijin suna cewa shi ne ya san wasan, ita ba ta taɓa taka ƙanƙara ba, 'yan wasan da take ƙawance da su kawai take yabo. 'Yan bayan macen suna cewa girman kai ya yi masa yawa, yana zagin yara ƙanana don sun faɗi, ita ce ke duk aikin shi kuwa sai baki. Wani ya tono maganar da aka yi shekarun baya ya liƙa. Wata ta ce dama tun farko ta gano shi. Wani ya ce dariyar macen ce ta kashe shirin. Dariya. Mutane manya, wasu da furfura a hotonsu.

Na zauna na rubuta nawa. Na daɗe ina gyarawa, don Turancina na aiki ne, ba na rubutu ba. Na fara yadda aka koya mini fara magana da mutanen da ban sani ba. Na gaishe su, na tambayi iyalansu da aikinsu. Na yi wa masu shirin biyu addu'ar Allah Ya daidaita tsakaninsu, na ce zaman tare sai da haƙuri. Sannan a ƙasa na kawo abin da ya kawo ni: 'yata ta rasu, ta taɓa aiko saƙon murya aka sa a cikin azumi, ina roƙon wanda ya tuna ya taimake ni.

Ban san cewa shafin layin farko kawai yake nunawa ba, sauran sai mutum ya danna. Yawancinsu ba su danna ba. Gaisuwa suka gani da maganar haƙuri. Wata ta amsa cewa kullum mace ake ce wa ta yi haƙuri, ba za su ƙara yarda ba. Wani ya ce in daina yi musu wa'azi. Wani ya ce ga wata 'yar bayan namijin ta zo da sabon salo. Suka ci gaba da faɗansu a ƙarƙashin rubutuna, har suka manta da ni.

Kaɗan sun karanta har ƙasa. Suka yi mini ta'aziyya, kuma na ji daɗin haka. Dukkansu tambaya ɗaya suka yi: mene ne sunanta? Ashe masu shirin kan faɗi sunan mai saƙo kafin su sa. Na amsa cewa 'yata ce, daga Bronx take, muryarta siririya ce kuma tana magana da sauri. Suka sake tambaya. Na ce ɗaliba ce. Yatsana ya je kan harafin farko ya dawo. Sunan surukata ne, sunan 'yar farina, kuma ba ta daɗe a ƙasa ba. In ajiye shi a wannan kasuwar, tsakanin masu zagin dariyar mutum?

Shirun nawa shi ya ɓata sauran. Wani ya rubuta cewa uwar da ba ta san sunan 'yarta ba, labarin ƙarya ne, 'yan bayan macen ne suka ƙirƙira don a ji tausayi. 'Yan bayan macen suka ɗauki rubutuna suna yaɗawa: ku dubi abin da mutumin nan zai goge, muryar matacciya. Babu wanda ya nemi izinina. Yarinya ta zama sandar da suke dukan juna da ita. Na kife wayar a kan tebur, na yi alwala, na daɗe a kan sallaya ban iya roƙon komai ba.

Ina da maƙwabciya 'yar Maraɗi, mai shagon turare da atamfa a ƙasan gininmu. Ita ta yi mini zaman makoki tun daga ranar farko. Na shiga wurinta da safe kafin in tafi aiki, na ba ta labari. Tana ƙulla turaren wuta a leda tana saurare.

"Hajiya, mi kika je nema wurin mahaukata?" ta ce. "Mai shago na nan, kina tambayar 'yan zaman banci? Ki rubuta ma matar da ke shirin."

"Ita ma sunan za ta tambaya."

"To ki hwaɗi mana."

Na girgiza kai.

"Ku Kanawa da kunyarku. Kun ƙetare teku da ita, ko kwastan ba su karɓe ba." Ta goge hannu a zaninta. "Bon, kawo portabul ɗin, ni in rubuta. Ni ba surukata ba ce."

Na miƙa mata. Ta riƙe wayar, ta buɗe baki, sai ta tsaya.

"Wai mi ne ma sunan nata na yanka?"

Shekara da shekaru tana ba ta alewa, tana yi mata kitso, ta kwana da mu a asibiti, amma laƙabin kawai ta sani. Muka kalli juna. Ita ta fara dariya, sai dariyar ta juye, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na karɓi wayata na fita, don kada in makara.

A bas na rubuta wa macen imel. Wannan karon gaisuwar layi ɗaya ce. Ban sa ran amsa ba, amma kafin tsohon ya tashi daga barcin rana ta amso. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, ta ga abin da aka yi da rubutuna kuma ta ji kunya. Ta ce tana iya bincikawa a kwamfutarta, in na ba ta sunan.

Ina zaune a kicin ɗin mutane, ga magungunan tsoho a gabana. Na rubuta harufan. A asibiti in na jero su, nas ce ke haɗawa a takardarta, ni ban gani. Yanzu ga shi a haɗe a fuskar wayata, daga hannuna. Na karanta shi a zuci. Sannan, ban san dalili ba, na faɗe shi a fili, a hankali. Bai yi nauyi a baki yadda na zata ba. Suna ne mai daɗi. Na aika.

Washegari ta turo mini guntun, ta yanko shi daga cikin fitowar. Ta ce ba zai goge ba ko an cire shirin. Ban buɗe a jirgi ba, ban buɗe a wurin aiki ba. Sai da na dawo gida na rufe ƙofa.

Macen ce ta fara, ta faɗi sunan, ta karkata shi yadda Turawa ke yi. Sai ga Yarinya. Muryar ta fi yadda nake zato kauri, kuma akwai ɗan toshewar hanci, da alama mura take yi. A bayanta ana jin ƙarar hitar ɗakinta. Ba ta ambace ni ba, ba ta ambaci ciwo ba. Faɗa take yi. Wata 'yar wasa ce alƙalai suka rage wa maki, wai juyinta a sama bai cika ba, ita kuwa ta ce ta kalla a hankali sau da yawa, ya cika. Tana magana da sauri, tana haɗiye numfashi, kamar yadda take yi in ta tabbata tana da gaskiya. Ta ce, "Kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne..."

Nan namijin ya shigo da dariya. Ya ce a'a, a'a, ƙawata, ki sake kallo. Ya hau bayani. Muryarta tana ci gaba a ƙarƙashin tasa, ana jin sautin ba a jin kalmomin, har aka rage ta, ta ɓace. Shi ya ci gaba da magana a kan yadda ƙafa ke sauka.

Na maimaita wurin har kunnena ya yi zafi. Na ƙara sauti, na rage, na sa iyafis, na cire. Ban kama ko kalma ɗaya ba.

Na sake rubuta wa macen na yi godiya, na tambaya ko asalin saƙon yana nan, wanda ba a yi magana a kansa ba. Ta ce saƙonnin murya akwatinsa suke shiga, shi ke riƙe da su, kuma yanzu ba sa magana sai ta bakin lauya. Ta ba ni adireshinsa. Na rubuta masa, bai amsa ba. Ƙarshen wata ya zo aka cire shirin kamar yadda aka ce. Na leƙa shafin masu sauraro sau ɗaya bayan haka, na tarar suna gardamar wanne daga cikin biyun zai fara buɗe sabon shiri, kuma wa zai bi wa. Wata ta aiko mini saƙo a keɓe, wai in ba ta guntun ta sa, duniya ta ga halin mutumin. Ban ba ta ba.

Maigidana direban tasi ne. Duk wannan abin ban gaya masa ba, don tun rasuwar ba ya son a ɗauko maganar, in an fara sai ya tashi ya ce zai duba mota. Wata Lahadi da rana ya ɗauke ni za mu sayayya, ya tsaya a gefen Concourse yana jiran wani ya fitar da motarsa. Na ce, "Malam, akwai abin da nake so ka ji." Na haɗa wayata da rediyon motar.

Da aka faɗi sunan ya ɗago kai, don sunan mahaifiyarsa ne. Da muryar ta fito ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Bai motsa ba har namijin ya shigo.

"Wane ne wannan?"

"Mai shirin ne."

"Ba zai bari ta gama ba?"

"Haka yake."

Wurin fakin ya buɗe, na baya yana ta hon, bai shiga ba. Ya ce in mayar. Na mayar. Da aka zo wurin ya matso da kunnensa kusa da lasifika, kamar yadda na yi.

"Me ta ce ya fi ba ta haushi?"

"Ban sani ba, Malam. Cikakken yana wurinsa. Na rubuta masa, shiru."

Sannan ya ce, "Sake rubuta masa. Ki ce ubanta ne ke tambaya."

Na rubuta a nan cikin motar, yana faɗa ina juyawa zuwa Turanci. Wannan ma har yau ba a amsa ba.